Abin da na gani a gudun yada-ƙanin-wani na Legas

Alhamdu lillahi, na kammala gudun yada-ƙanin-wani na birnin Legas, wanda ake gudanarwa tun daga shekarar 2016, galibi a watan Fabrairu, mai tsawon kilomita 42.195. An tashe mu daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere gari bai gama wayewa ba.

Atisayena duka a Kano na yi shi, bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu da busasshiyar iska, shi ya sa zafin Legas mai ɗauke da laima ya zame mini baƙon abu. Kafin mu hau gadar Third Mainland rigata ta jiƙe sharkaf, gishirin gumi yana shiga idanuna. Gadar ta kusa kilomita 12, babu inuwa ko ɗaya a kanta, ga ruwa ta kowane ɓangare, kuma a nan na ga majiya ƙarfi da suka fara da gaggawa sun koma tafiya suna riƙe da cinya. A ganina wanda ya ruga tun farko, gadar nan ce take karɓar bashinta.

Daren jajibiri shinkafa kawai na ci, na kwanta da wuri, kuma ban yarda na sa sabon takalmi ba, domin wanda ƙafa ta saba da shi ba ya sa kanta. 'Yan Kenya da Habasha kuwa, waɗanda suka saba lashe gasar, sun daɗe da hutawa kafin na isa Eko Atlantic, inda gudun ya ƙare, ina jan ƙafa.