Mudu Biyu

Shekara shida ina ajiye da mudu biyu a rumfata ta hatsi a kasuwar Saminaka. Da babban nake auna masarar manoma in zan saya. Ƙaramin kuwa, wanda na sa maƙeri ya ɗan buga masa gindi ciki, shi ne na masu saye. Bambancinsu bai wuce cikin tafi ɗaya ba, amma tafi ɗari a ranar kasuwa ai ya wuce wasa. Duk tsawon lokacin nan ina cikin ƙungiyar mawaƙa a coci, ina fitar da zakka, ban taɓa fashin Jibin Ubangiji ba, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu.

Ba wa'azi ne ya kama ni ba, 'yata ce mai shekara tara. Na ce ta auna wa wata tsohuwa mudu uku, sai ta ɗaga murya a gaban jama'a ta ce, "Baba, wanne zan ɗauko, na saye ko na sayarwa?" Babu wanda ya tanka. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don ashe na koya wa yarinyar sana'ar ba tare da na buɗe baki ba.

Daren nan na durƙusa da Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya tsare shi kan maganar Batsheba da Uriya. Na yi kuka, na jefa ƙaramin mudun ƙarƙashin gado, na riƙe alkawarin 1 Yohanna 1:9, cewa in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana. A ganina magana ta ƙare.

Ana saura mako biyu Ista na je na faɗa wa fastonmu, ina sa ran zai ce madalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, masarar fa, tana ina?"

Na ce, "Baba, ashe ba jinin Yesu ya biya duka ba?"

Ya ce ya biya ƙwarai. Ya buɗe Littafin Firistoci sura 16, ya nuna mini Ranar Kafara, yadda sau ɗaya a shekara babban firist yakan yanka bunsuru ɗaya, ya ɗibiya hannu a kan na biyu ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Ya koma Ibraniyawa sura 10, inda aka ce jinin bijimai da na awaki ba ya ɗauke zunubi, Almasihu ne ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Ya ce ko buhu dubu na rabar, ban ƙara wa gicciye kome ba. Amma ya sake juyawa zuwa Firistoci sura 6: wanda ya cuci maƙwabcinsa sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo ragon hadaya. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko ma, a Luka 19, ba wanda ya ce masa ya mayar. Da kansa ya ce ninki huɗu. Allah ya yafe mini, amma masarar har yanzu ta masu ita ce.

Dattawan ikilisiya suka sa ni horo na wata uku, zama a bencin baya, ba Jibi, ba waƙa. Gaskiya bencin bai dame ni kamar kasuwa ba. A coci kowa ya san yadda ake kallon mai tuba. A kasuwa kuwa sai ka tsaya gaban mai kunu ko mai waina da ta shekara biyar tana ce maka "mutumina", ka ce mata ka daɗe kana tauye mata awo. Wasu suka yi dariya suka karɓa. Wani Alhaji, maƙwabcin rumfata, ya ce su ma haka malamansu ke faɗa, haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Daga ranar ya fara bar mini rumfarsa in zai tafi masallaci.

Manoman ƙauye da 'yan wucewa ba yadda zan gano su. Na ƙiyasta rabonsu da ƙari a kai, na kai wa Zumuntar Mata ta cocinmu ta raba wa gwauraye. Har jarina sai da ya girgiza, maiɗakina ta yi wata guda tana yi mini magana ciki-ciki.

Tsohuwar nan ta ranar farko ce ta fi ba ni wuya. Na kai mata rabin buhu har gida, na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce a sauke masarar a zaure, tata ce dama. Maganar yafiya kuwa ta ce in ba ta lokaci, marayu ta ciyar da wannan awon. Shekara biyu ke nan. Tana zuwa kasuwa duk mako, tana amsa gaisuwata, ta wuce rumfa ta gaba ta yi awonta.