Yadda aka goge min muƙala a Wikipedia duk da tarin link ɗin da na sa

Wallahi har yanzu in na tuna abin nan sai raina ya sosu. Wani mawaƙi ne a garinmu, ba bikin da za a yi a tashi ba a sa waƙarsa ba, sai na ce bari in kai shi Wikipedia ta Turanci tunda a ta Hausa na riga na rubuta shi kuma ba wanda ya ce min kanzil. Na jera madogara rututu har ina jin kaina.

Ba a jima ba wani edita ya kai ta layin gogewa, inda ake kwana 7 ana muhawara kafin a yanke hukunci. Na shiga da zafina ina cewa ku duba mabiyansa a Instagram, ku duba masu kallonsa a YouTube. Mutumin ko a jikinsa, ya ce yawan mabiya ba hujja ba ne, a buɗe link ɗin ɗaya bayan ɗaya kawai. Ashe labari ɗaya ne aka yi ta maimaitawa, har kuskuren da aka yi a sunan unguwarsu iri ɗaya ne, kuma babu sunan ɗan jarida a kan ko guda, da gani manajansa ne ya rubuta ya rarraba wa shafuka. Hirar da aka yi da shi ma aka ce ba ta shiga lissafi don shi ke ba da labarin kansa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne shafin da na kawo hujjar shekarar haihuwarsa, ashe daga muƙalata ta Hausa suka kwafa! Ni na faɗa, sannan na kawo kaina shaida.

Yanzu kafin in rubuta ko layi ɗaya sai na ga rahoto biyu ko uku masu tsawo a kan mutumin shi kansa, daga irin su Daily Trust, Aminiya ko BBC Hausa, da sunan wanda ya rubuta, ba wai an ambace shi a jerin mahalarta taro ba. In kalmomin rahoto biyu sun yi kama da yawa, ɗaya nake ƙirga su.

Kuma ba dole sai abin da ke intanet ba fa, wannan ma mutanenmu ba su sani ba. Tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 hujja ce, in dai ka sa kwanan wata da shafi. Wani tsohon makaɗin fada da na rubuta daga baya da irin waɗannan takardun na tsayar da shi, ba shi da ko Facebook, kuma muƙalarsa na nan daram.