Kififiyar da na gani a bakin kogi

Ranar Asabar na sauka bakin Isa, wato kogin Kwara a nan Yamai, ƙasan gadar Kennedy, zan sayi kifi wurin wani tsoho masunci da muka saba. Ina isa sai ga kififiya kwance cikin kwalekwalensa, an huda gefen bayanta an zura igiya, tana miƙo wuya tana janyewa. Wallahi har na dawo gida abin na cin raina.

Yaran Yamai da yawa ba su taɓa ganinta ba. Ba irin kunkurun tudu ba ce, bayanta ba ƙoƙo mai tauri, fata ce mai laushi shimfiɗe kamar faifai, ga dogon hanci kamar tsinke da take leƙo da shi ta sha iska jikinta na binne cikin yashi, kuma babbar kan kusa mita 1. A bakin gaɓa take haƙa rami ta zuba ƙwai, shi ya sa kama uwa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Na ce baba, wannan ta miya ce? Ya ce a'a ɗana, da can in ta faɗa taru mu ci ko mu saki, yanzu wani ke bugo waya ya ce a ajiye masa da rai, kuɗinta ya fi kifin kwana uku. Ina za a kai ta? Bai tambaya ba. Ni ban ga laifinsa ba, ruwa na ja baya, yashi na cike kogi, ga iyali.

Amma bakin zaren yana Asiya, musamman Sin, inda ake cin namanta ana haɗa magani da ita har nasu suka yi ƙaranci, dillalai suka juyo Afirka. Misali kififiyar kogin Yangtze na ƙasar Sin, macen ƙarshe da ke tsare ta mutu a 2019. A 2016, taron CITES (yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa) na Johannesburg ya sa kififiyoyin Afirka cikin jerin da ba a fitarwa waje sai da takardar izini, Nijar kuma tana cikin yarjejeniyar, ga dokarmu ta farauta ta 1998. Takarda dai akwai, amma ma'aikatan gandun daji nawa ne za su tsare kogi daga Ayorou har Gaya?

Na taya ta don in sake ta, baba ya ce ya riga ya karɓi kafin alƙalami. Na ba shi lambata, na roƙe shi in wata ta sake faɗawa ni zai fara kira.