Inda ake kafa zoben jan mota a tsohuwar 504

Dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, gajeriya ce a kan wannan batu: kowace motar tsere ta kasance da zoben da ake saƙala igiya a ja ta in ta maƙale, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a inda ido zai gani, da fenti rawaya ko ja ko ruwan lemo. Masu shirya tsere a Ingila sun ƙara da cewa kada faɗin ramin zoben ya gaza milimita 60, don ƙugiyar janwe ta shige ba sai an tsaya kokawa ba. Amma dokar ba ta gaya maka inda za ka kafa shi a jikin motar da ta girmi mai ita ba. Wannan kam a gareji na koye shi, kwance a ƙarƙashin wata Peugeot 504 da mai ita ya ci burin shiga filin tsere da ita.

Ita 504 ba sai an gabatar da ita a nan ba. A 1968 ta fito a Faransa, a 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, kuma a shekarar ce ta cinye gasar Safari ta Kenya. Wannan tarihin ne ma ke ruɗin mutane, su ɗauka duk inda ka kama a jikinta ƙarfe ne mai ƙwari. Alhali ƙaramar 504 ba ta da shasi na daban irin na babbar mota. Gangar jikin ce ke ɗauke da komai, ƙarfinta kuma yana cikin dogayen ƙarafa biyu da muke kira ƙafafu, da suka bi gefen inji, masu rami a ciki.

Mai motar ya zo da zobensa da ya sayo, yana ta ƙyalli, ya ce a ɗaura a bamba. Maigidanmu bai yi musu ba. Ya ɗauki sukundireba ya shiga ƙarƙashi, ya soki bakin ƙafar hagu kusa da lagireto, sai ga tsatsa na zubowa kamar garin tuwo. Ya ce, "Alhaji, zobenka zai ja tirela, amma nan wurin ko akuya ba zai riƙe ba."

Dalili kuwa, jan mota a filin tsere daban yake da ja a kan kwalta. Motar da ta ƙwace a kwana ta nutse cikin tsakuwa, ga nauyinta ya haura tan guda, ba a miƙe ake janta ba. Igiya kan zo ta gefe, da fizga. In ƙarfen da ke riƙe da zoben ya yage, igiyar za ta harbo shi da ƙarfi kan wanda ke tsaye a bayanta.

Sai da muka yanke ruɓaɓɓen wurin muka yi waldar sabon ƙarfe kafin a yi maganar huda. Daga nan aka sa faranti mai kauri a kowane gefen ƙafar, don nauyin ya bazu kada ya taru a kan washa guda. Abin da ya fi burge ni shi ne guntun bututun da maigida ya cusa cikin ramin ƙafar, notin ya ratsa ta cikinsa. In babu shi, kana ɗaurewa bangon ƙafar na lotsawa, bayan ɗan lokaci komai ya saki. Noti kuma sai mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, lambar da ke nuna ƙwarinsa. Wanda babu lamba, komai kyansa, kwandon shara yake nufa.

Zoben mai ƙyalli dai bai hau motar ba. Ya turo gaba da yawa, ko gogar wata mota aka yi zai farke ta. Muka sa na ɗamara, irin mai kama da bel ɗin kujera, wanda ke lanƙwashewa ya kwanta. Aibinsa ɗaya, rana da mai suna cin zarensa, don haka duk sanda launinsa ya koɗe ko gefensa ya fara zarewa sai a canza. Alhaji ya ɗan ɓata rai, wai ya rage wa motar kwarjini, amma da muka ja ta a karkace a filin bayan gareji bai sake ta da zancen ba.