Ƙananan guntayen da ke gaban kalmomin turanci

Wallahi turanci fa kwashe-kwashe ne, tarin kalmominsa daga Latin da Girkanci aka aro su, musamman bayan 1066 da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila suka shigo da Faransanci, wanda shi ma daga Latin ya samo asali. To in ka gane guntun da ke gaba ka riga ka ci rabin kalma. Tele daga Girkanci take, ma'anarta nesa, shi ya sa ake da telephone da telescope, ita kuwa television haɗin gambiza ce, kai na Girka jiki na Latin. Sub ƙarƙashi, trans tsallakawa, micro ƙanƙani.

Amma inda ake shan wuya shi ne hyper da hypo, sun yi kama sosai, alhali hypertension hawan jini ne hypotension kuma jinin ne ya yi ƙasa, ka ga a takardar likita ba abin wasa ba ne. Haka anti da ante, ɗaya adawa ɗaya kafin. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne guntun nan in-, da yake a wasu kalmomi kore ma'ana yake yi, kana ganin inflammable a jikin tankar mai ka ɗauka ba ya cin wuta, alhali shi ne ma mai saurin kamawa.