Mun daina leda a gida, sai kular abinci ta kwantar min da 'ya

Har yau in na ga kular abinci an rubuta a jikin kwalinta wai tana riƙe zafi awa takwas, sai raina ya ɓaci. Irin wannan rubutun ne ya kai 'yata ta tsakiya gadon asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, a daidai lokacin da nake ganin mun kama hanyar gyara a gidanmu.

Kwandon shara ne ya sa muka fara. Yara 'yan makaranta, ga Baban yara da ke tafiya da abincinsa wurin aiki, kowa da ledarsa da robar ruwansa da cokalin yarwa da takardar goge hannu. Kafin mako ya zagayo kwando ya cika ya tumbatsa, kuma in ka leƙa, yawancin abin da ke ciki amfanin 'yan mintuna aka yi da shi. Akwai binciken da wasu masana a Amurka suka fitar a 2017, wanda ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan biliyan 8.3 a duniya, kuma cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. An ƙona kashi 12, sauran kashi 79 tana nan jibge a juji ko warwatse a ƙasa da cikin ruwa. Tun da na san haka na daina sa ran cewa ledar da na jefa a kwando za ta koma wani abin amfani a gaba.

Gorar ruwa, jakar cefane ta yadi, cokulan ƙarfe, tsumman goge hannu, duk waɗannan ba su ba mu wahala ba. Yara sun ɗauka da murna, har rigima ake yi a kan launin gora. Kula ce ta zame mana matsala.

Na saya wa kowa tasa, iri ɗaya, masu ƙyalli, cikinsu ƙarfe, murfinsu roba. Mai sayarwa ya nuna min rubutun kwalin da yatsa, ya ce abincin da na zuba da asuba zai kai la'asar yana tururi. A makonnin farko ban ga abin zargi ba. Abin da na gani shi ne wani abu daban da ban taɓa tsammani ba: abinci yana dawowa gida. Da can, lokacin leda, duk abin da yaro ya rage a makaranta yake zubarwa, ni kuwa ina nan ina ganin ya cinye tas. Kula ba ta ɓoye komai. Kullum da yamma in na buɗe sai in tarar da kusan rabi, wani lokaci autan ma cokali biyu ya taɓa. Ashe shekara da shekaru abincin da nake tashi cikin duhu in dafa, juji nake ciyarwa da rabinsa.

Abin ya tsaya min a rai, na tara yaran na yi musu magana. Na ce zubar da abinci ma shara ne, kuma ya fi leda ciwo, tunda an noma shi, an yi dakonsa, an ƙona makamashi wajen dafa shi. Gaskiya na faɗa musu. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, ba daga otal ko kasuwa ba. In aka raba, kowane mutum ɗaya yana zubar da kilo 79 a shekara a gida. In abincin ya je juji aka danne shi ba iska, sai ya ruɓe yana fitar da iskar gas ta methane, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi.

Ta tsakiyar ita ce mai ɗaukar magana da zafi. Ranar da abin ya faru shinkafa na dafa tun kafin gari ya waye. Ta ci rabi a lokacin tara, tana da ƙarin darasi bayan an tashi, sai wajen ƙarfe huɗu ta buɗe kula ta cinye sauran. Kafin ƙarfe bakwai amai ya fara, ba tsayawa, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Idanunta suka faɗa, leɓenta ya bushe. Muna cikin mota tana kwance a cinyata ta ce, "Umma, ban rage komai ba yau, na cinye duka." Wannan maganar ba ta bar ni ba har yanzu.

Likitan da ya duba ta bai yi dogon bincike ba kafin ya tambaye ni, "Maman yarinya, me ta ci, kuma ƙarfe nawa aka sauke shi daga wuta?" Da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai. Ya ce alamun sun yi daidai da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, wadda ke zama a ɗanyar shinkafa da dangin hatsi. Ƙwayar tana da wani irin kwanso da tafasa ba ta kashe shi. In abinci ya sauka ya zauna da ɗumi-ɗumi na tsawon awanni, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta saki guba, kuma gubar tana sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ya ce ko an sake ɗumama abincin, gubar ba ta mutuwa. Kuma ba lallai abincin ya yi wari ko tsami ba. Yarinya ba ta da yadda za ta gane.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan a fili take: dafaffen abinci ya zauna ko dai sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ko ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai a ɗaki. Tsakanin 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke samun yadda suke so.

Da aka sallame mu na sayi ƙaramar na'urar auna zafin abinci, mai tsinke kamar allura. Na dafa shinkafa, na zuba a kular, na rufe, na ajiye a kan tebur. Kafin azahar na buɗe na soka, zafin yana wajen digiri 40. Wato tun kafin rana ta raba abincin ya riga ya faɗa inda ake gudu, kuma kular tana riƙe shi a nan ɗin, bai huce ba, bai kuma yi zafin da zai kare shi ba. Na koma wurin mai sayarwa da kula da na'urar a hannu. Ya taɓa abincin ya ce, "Ai ga shi nan da ɗuminsa, Hajiya, kuma mu abin da kamfani ya rubuta muke faɗa." Bai karɓi kayan ba, bai kuma ga laifin komai ba. Na fito ina rawar jiki don takaici, ina tunanin iyaye nawa ne suka sayi irinta suna zuba wa yara abinci da asuba.

Daga baya na gane bambancin. Kula ta gaske bango biyu gare ta na ƙarfe, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar fita. Ta bogi ma bango biyu ce, amma iska ce kawai a tsakani ko wani ɗan soso, murfin kuma fanko. A ido ba za ka bambance ba. Gwajin kuwa ba shi da wuya: zuba tafasasshen ruwa, rufe, jira kamar minti goma, ka dafa jikinta. In ka ji ɗumi a waje, zafi na tsiyayewa, mayar musu da abarsu. Ta gaske jikinta ba ya canzawa. Ko ita ma tana son a fara ɗauraye cikinta da tafasasshen ruwa a bar shi 'yan mintuna kafin a zuba abinci, a zuba shi yana tururi, a cika ta sosai, don rabin kula ya fi cikakkiya saurin hucewa. Da zarar an buɗe an ci kuma, zance ya ƙare, ragowar ba ta ƙara komawa cikin aminci.

A ranar da nake gwajin nan na sa bakin cokali na ɓanɓare zoben robar da ke cikin murfi, wanda ke hana yoyo. Ban san ma yana fita ba, kwalin bai faɗa ba. A ƙarƙashinsa wani baƙin abu ne mai yauƙi ya zagaye ramin gaba ɗaya, fumfuna da tsohon mai, ga wani wari da ya bugi hancina. Kullum ana wanke kulolin nan da sabulu da soso, amma soso ba ya kaiwa can. Yanzu kowace yamma sai an cire zoben, a goge ramin da tsohon buroshin haƙori, a shanya murfi daban, zobe daban, kula a kife, ba a haɗa su sai da safe. Duk mai kula a gida ya je ya cire zoben nan ya duba yau.

Wani abin haushin, kulolin da na saya don rage shara su da kansu suka zama shara, kuma mai nauyi, ƙarfe da roba da soso a manne wuri ɗaya yadda raba su ma aiki ne. Kayan da ake maimaita amfani da su sun fi na yarwa cin albarkatu wajen ƙerawa, ribarsu tana cikin daɗewa ne. Hukumar muhalli ta Birtaniya ta yi lissafi a 2011 cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in aka gwada da ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya. To ina ga kular ƙarfe da ba ta yi zango ɗaya na karatu ba? Ban jefar da su ba, ƙusoshi da maɓallai da 'yan ƙananan kayan gyara ke ciki yanzu, amma abinci bai ƙara shiga ba, kuloli na gaske muka koma amfani da su.

Tsarin da muke kai a yau ya fi na farko sauƙi. Na janye waccan maganar ta a cinye duka, na gaya wa yaran a fili cewa abincin da aka buɗe aka ci a tara, in ya rage a rufe a dawo da shi, ba wanda zai yi faɗa. Gyaran ya koma wurin zubawa. Kowa ke faɗin iya abin da zai ci, autan ludayi ɗaya ya ishe shi, kuma tun da na rage masa yake cinyewa, ashe yawan ne ke kashe masa sha'awa. Ranar ƙarin darasi mazubi biyu ake tafiya da su, mai zafi na tara, da wani ƙarami na busasshen abu ko 'ya'yan itace da ɓawonsu na yamma. Abin da ke dawowa yanzu bai taka kara ya karya ba, kuma ba na ɗumama shi in ba kowa, ko ni kaina. Ɓawo da ganye da ragowar ɗanyen kayan lambu suna tafiya ramin taki a bayan gida. Dafaffen abu mai maiƙo ba ya shiga can, don ɓeraye yake kira.

Robobin da muke da su tun da ma ban zubar ba, tunda zubar da mai kyau don a sayi sabon ƙarfe wata ɓarnar ce. Na dai juya gindinsu na duba lambar da ke cikin alamar nan mai kusurwa uku. Mai lamba 5 ta fi jure zafi, ita nake sa wa abinci. Mai lamba 1, irin ta robar ruwan sha, da mai lamba 6, irin farar nan mai kama da soso, ba a zuba musu abu mai zafi. Wadda ta karce ko ta dushe ta koma ajiyar kayan da ba na ci ba. Leda kuma da ta zama dole ta shigo, muna wankewa mu sake amfani da ita har ta gaji, kuma na hana ƙona ta a gida, saboda hayaƙin roba yana ɗauke da guba, musamman mai lamba 3. Baban yara ne har yanzu yakan manta jaka ya dawo da cefane a leda, shi ya sa na ajiye masa ɗaya a mota, ɗaya a jikin ƙofa.

Sharar ta ragu ƙwarai, wannan kam ina alfahari da shi, kuma yaran ne ke wanke kulolinsu da kansu. Amma na'urar auna zafin nan ba ta bar kicin ɗina ba. Farkon kowane zangon karatu sai na sake gwada kowace kula, saboda ko ta gaske ce, in ta faɗi ta lotsa tana iya daina riƙe zafi ba tare da an gani ba. A gwajin baya-bayan nan ta babban ce ta fara gazawa, jikinta lafiya lau, zoben murfin ne ya saki. Abu ɗan mitsitsi, amma na zagaya na gaji ban sami inda ake sayar da shi shi kaɗai ba, kowa sai ya ce in sayi sabuwar kula. Na ƙi. Na auna faɗinsa da zare, ina nan ina nema, shi kuma yana tafiya da busasshen abinci kafin a samu.