Abin da bikin ƙauye ya koya min game da bidiyon Indonesiya

Lokacin da nake karatun aikin jarida a Yogyakarta, an ba ni aikin rubutu kan yadda bidiyon intanet ya sauya nishaɗi a Indonesiya. Na ɗauko labarin daga 2010, shekarar da 'yan mata biyu, Sinta da Jojo, suka ɗauki kansu suna bin wata waƙar dangdut (salon kiɗan rawa da ya shahara a ƙasar) da leɓe, suka saka a YouTube, gari ya ɗauka. Na ƙara da Norman Kamaru, ɗan sandan lardin Gorontalo da ya yi tashe a 2011 saboda kwaikwayon waƙar Indiya cikin kakinsa a bakin aiki. Ni a ganina na gama.

Malam ya miƙo min takardata, ya ce in je bikin aure a ƙauye tukuna, sannan mu yi magana.

Na je ba da son raina ba. An kafa rumfa ta tare hanya, lasifika sun fi ni tsawo, mai ganga yana ta zuba kiɗan koplo, wato dangdut mai sauri da ya fito daga gabashin Java. Can sai wani dattijo ya hau dandamali riƙe da damin 'yan dubu bibbiyu na rupiya, yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa mawaƙiyar, ita kuwa tana jefa sunansa cikin waƙa. Suna kiran wannan saweran. Na ce a raina, ai wannan liƙi ne, na taso ina ganinsa a gaban maroƙanmu. A gefe kuma wani yaro na ɗaukar komai da waya.

Nan na gane kuskurena: na bi na'ura, na manta da mutane. Tun kafin YouTube, faya-fayan VCD na irin waɗannan bukukuwa ne suka yaɗa mawaƙiyar dangdut Inul Daratista, har rawarta ta jawo rikici da Rhoma Irama, sarkin dangdut, a 2003. Ni ma da na yi tunani, dangdut ɗin kansa ya sha daga kiɗan finafinan Indiya, rijiyar da Kannywood ta sha, bai kamata ya zama min baƙo ba.

Kyautar da masu kallo ke tura wa mai shirin kai tsaye a TikTok ma saweran suke ce mata. Sai dai a waya ba dattijon unguwa da zai tsawatar. A farkon 2023 an riƙa nuna tsofaffin mata suna kwara wa kansu ruwan taɓo don a tura musu kyauta, har Ma'aikatar Walwalar Jama'a ta fitar da takardar hani.

Na sake rubutun daga tushe, na buɗe shi da dattijon nan da daminsa. Malam ya karanta, ya tambaye ni ko an ba ni abinci a bikin.